Tausar Wat Pho da zirga-zirga a Tailan, ga yadda na gani

Jama'a duk wanda ke shirin zuwa hutu Tailan, ni dai abin da zan ce ya ware wa kuɗi da lokaci shi ne tausa, sauran abubuwan kuwa a yi lissafi da kyau kar kuɗin ya ƙare a hanya. Tausar da na fi jin daɗi ita ce ta makarantar tausa da ke Wat Pho, wani babban wurin ibadar mabiya addinin Buddha a Bankok, makarantar da aka buɗe tun 1955, kuma masu yin aikin sun koya ne a tsare ba wai kame-kame ba, kana kwanciya za ka gane hannun wanda ya san jijiya. Ba irin ta shafa mai ba ce, da kaya a jikinka ake yi, riga da wando masu yalwa, ka kwanta a katifa su bi ka da babban yatsa da gwiwar hannu har da ƙafa, a lanƙwasa ka a miƙe ka kamar ana matse wanki, da farko za ka ce wannan ai azaba ce amma wallahi kana tashi sai ka ji bayanka ya saki, kafaɗar da zaman jirgi ya ƙage ta dawo daidai. A 2019 ma UNESCO ta saka wannan tausa cikin al'adun duniya da ake karewa.

Inda suka gaza a wajena shi ne sirri. Ɗaki ne babba katifu a jere, kana jin na kusa da kai yana nishi, ga layi in ka zo da rana sai ka karɓi lamba ka zauna jira, don haka ka yi sammako. Kuɗinsu ma ya ɗara na ƙananan shagunan tausa da ke cike da titunan gari, kuma kuɗin shiga harabar daban ne da na tausa. Duk da haka ni ban ga asara ba.

Abu biyu kar ka ji kunyar faɗa. In kana son namiji ya yi maka, ko ke kina son mace, a faɗa tun a wajen biyan kuɗi, domin mata sun fi yawa a aikin. Sannan in ya yi zafi ka yi magana su sassauta, ba jarumta ake gwadawa ba. Mai juna biyu, mai hawan jini, wanda bai daɗe da yin tiyata ba ko mai ciwon ƙashin baya, don Allah a tambayi likita tukuna, tausar nan da ƙarfi ake yin ta.

Zuwa wajen ba wuya, jirgin ƙasa na MRT ka sauka a tashar Sanam Chai ka taka kaɗan, ko ka bi jirgin ruwa ta kogin Chao Phraya wanda ni shi na fi so saboda iska da araha. Gaskiya jirgin ƙasa shi ne gatan baƙo a Bankok, go-sulo ɗin garin ba na wasa ba ne musamman da yamma. Daga filin jirgin Suvarnabhumi akwai jirgin ƙasa na Airport Rail Link da zai kai ka tashar Phaya Thai cikin kamar rabin awa, daga nan ka haɗe da BTS, jirgin ƙasa mai bi ta kan gada a cikin gari. In kaya sun yi yawa sai tasi, ka bi layin tasi na filin jirgi, ka tabbata ya kunna mita, za a ƙara maka bat 50 (bat shi ne kuɗin Tailan) na filin jirgi kuma kuɗin babbar hanya kai za ka biya. Grab ma, manhajar kiran mota a waya, yana aiki sosai, abin da na so da shi kana ganin kuɗin a waya kafin ka shiga, babu ciniki babu matsalar yare. Tuk-tuk kuwa, wato Keke Napep ɗinsu, a hau sau ɗaya don marmari, a yi ciniki kafin a zauna, kuma duk direban da ya ce maka wurin da za ka a rufe yake yau bari ya kai ka wani waje, ka yi gaba abinka, shagon masu ba shi kamasho zai kai ka.

Sai maganar jirgi zuwa bakin teku. Bankok zuwa tsibirin Puket bai wuce awa ɗaya da rabi ba kuma tikitin na da sauƙi, amma a duba da kyau, filin jirgi biyu ne a garin. Yawancin masu araha irin su AirAsia da Nok Air daga Don Mueang suke tashi, tsakaninsa da Suvarnabhumi tafiya ce mai nisa, akwai bas kyauta in ka nuna tikitinka amma ka bar tazarar awanni masu yawa, kar ka haɗa jirgi biyu kusa da kusa. Kuma arahar nan yawanci kilo 7 na jakar hannu kawai ta ƙunsa, babban akwati sai ka saya masa kilo, ka saya tun a intanet don a kanta ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wani lokacin in ka haɗa komai sai ka ga babban kamfani da ke ba da kaya kyauta ya zo kusan ɗaya.

A Puket ɗin mota ta fi Bankok tsada, shi ya sa mutane ke hayar mashin, ni dai ban ba da shawara ba sai ga wanda ya iya sosai kuma yana da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, ga tudu ga kwana ga ruwan sama daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ta hagu suke tuƙi. In ma za ka karɓa kar ka yarda ka bar fasfo ɗinka jingina, ka ba da kwafi da kuɗin ajiya, ka ɗauki bidiyon mashin ɗin gaba da baya kafin ka tayar.