Manhajar Revit a aikin famfo da magudanar ruwa: abin da na gani a wani bene a Jahi

Shekara biyu ke nan ina amfani da Revit wajen tsara bututun famfo da na ƙazanta, kuma aikin da ya fi nuna mini darajarta shi ne wani bene mai hawa huɗu da muka yi a Jahi, nan Abuja. Manhajar ta kamfanin Autodesk ce, wanda ya saye ta a shekarar 2002. Bambancinta da zanen da muka saba shi ne, ita ginin take tayarwa sukutum a cikin kwamfuta, kowane bututu da kaurinsa, da nisansa daga daɓe, da irin ruwan da zai ɗauka.

A wurin gangara ta fi burge ni. Bututun masai mai inci 4 an saba ba shi gangarar mita 1 cikin kowace mita 40, abin da a takarda ake rubuta shi a gefen layi a wuce. A nan kuwa bututun sauka yake yi da gaske. Namu mai tsawon mita 12 ya sauka da milimita 300, sai ga shi a allo ya kutsa cikin bim, wato ginshiƙin kankare na kwance, da ke riƙe da hawa na biyu. Muka zauna da injiniyan gini muka sauya masa hanya tun ba a zuba kankare ba. Duk wanda ya taɓa tarar da mai aikin famfo yana fasa bim da guduma, rodi a waje, don ya sama wa bututu hanya, ya san asarar da muka tsallake a ranar. Lissafin kaya ma yana bin zanen da kansa, kuma da shi muka je kasuwar Dei-Dei.

Sai dai Revit ba ta san Abuja ba. Ba ta san ruwan Agusta da ke cika kwata cikin ɗan lokaci ba, don haka lissafin ruwan rufi da faɗin lambatu yana nan a wuyan injiniya. Ba za ta gaya maka cewa Garki da Wuse da Maitama suna kan babbar magudanar da ke kaiwa matatar ruwan ƙazanta ta Wupa ba, alhali unguwannin bayan gari da sokawe suka dogara. Mahaɗan bututu da ke zuwa a cikinta ma ba lallai ne awonsu ya dace da na bututun roba irin PVC da PPR da ke kasuwarmu ba, sai mutum ya zauna ya ƙera nasa a cikin manhajar, aikin da ke cin dare.

Akwai kuma tsada. Hayarta ake biya, farashin kuma dala yake bi. A Windows kaɗai take aiki, tana son kwamfuta mai ƙarfi, sannan fayil ɗin da aka adana da sabon fitowa ba ya buɗuwa a tsohon, don haka dole ne a yi shawara da mai zanen gini tun farko a kan wanda za a yi amfani da shi.

Ga otal, ko asibiti, ko bene mai banɗakuna da yawa a kan juna, ina ganin kuɗin ya biya. Ga gida mai ɗaki uku a Kubwa kuwa, ban ga dalilin ɗaukar wannan nauyi ba. Ko a Jahi ɗin, sai da muka buga zanen a manyan takardu muka manna a bango, domin su masu aikin famfonmu da takarda da tef ɗin awo suke aiki.