Yawon Rurum da Tiga: jagoran ya ci kuɗinsa, kwale-kwalen ne ban yarda da shi ba

Shekara da shekaru ina ban ruwan 'yar gonar shinkafata a Kura da ruwan da ke gangarowa daga dam ɗin Tiga, amma ban taɓa zuwa na ga inda yake kwance ba. Da aka yi dogon hutun makaranta a watan Agusta, sai wasu samari daga wajen Rano suka tallata yawon wuni guda: mota, jagora zuwa duwatsun Rurum, abincin rana, sannan zagaye a kwale-kwale. Na biya mana, ni da 'ya'yana biyu da ɗan ƙanwata.

Motar ta makara da kusan awa ɗaya. Abincin shinkafa da wake ne da mai da yaji, ba yabo ba fallasa.

Jagoran ne ya fitar da su kunya. Saurayi ne ɗan yankin, wanda ya yi kiwo a gindin duwatsun nan tun yana ƙarami. Kafin mu ɗaga ƙafa sai da ya duba takalmin kowa. Da ya ga ɗan ƙanwata da silifas, ya ce, "Malam, yaron nan ba zai hau da wannan ba, dutsen damina santsi gare shi." Ya zaro takalmin roba irin na makiyaya daga jakarsa ya ba shi. Ya nuna mana baƙin zanen da ruwa ke bari a jikin dutse, inda gansakuka ta kama, ya ce ko a ido ya yi kama da busasshe kada wanda ya taka. A karkace ya riƙa bi da mu, ba miƙe ba, kuma ya hana yara zura hannu a tsagar dutse saboda maciji da kunama.

Da muka kai sama, kowa ya yi tsit. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, gero da dawa kore shar a gefensa, shanu can ƙasa kamar an watsa farin wake. A nan ya ba yara labarin cewa a 1974 aka gama dam ɗin, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tare Kogin Kano da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6. 'Yata ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, wannan ne yake zuwa gonarmu?" Na ce shi ne, shi ke bi ta magudanan Kadawa har ya iso mu. Wallahi don wannan tambayar kaɗai ban yi asarar kuɗina ba.

Ba mu jima ba ya kalli gabas ya ce mu sauka, hadari ya haɗo. Wasu suka yi ta gunaguni ba su gama ɗaukar hoto ba. Muna isa mota ruwa ya kece.

Bayan an ɗauke muka gangara bakin ruwa, a nan raina ya ɓaci. Babu rigar kariya ko ɗaya, ga wani yaro yana kwalfe ruwa daga cikin jirgin da yankakken galan, kuma ana son a zuba mu duka lokaci guda. Duk wanda ya tuna kifewar kwale-kwalen Bagwai a dam ɗin Watari a 2021, da ɗaliban Islamiyya da aka rasa, ba zai sa ɗansa a irin wannan ba. Na ce nawa ba za su shiga ba. Ɗan ƙanwata har da hawaye, sai da na lallashe shi da soyayyen kifi a wajen masu suya. Kuɗin zagayen kuma ba a mayar mana ba.

Na faɗa wa shugabansu ido da ido cewa ya sayi rigunan ko da guda goma ne, ya kuma raba mutane sahu biyu. Ya ce in sha Allahu. Muna so mu koma bayan kaka, lokacin da dutsen ya bushe, amma sai ya turo min hoton rigunan ta WhatsApp kafin in biya ko sisi.