Motar tsere: ta kamfani ko haɗin gareji?

Samarin Agege masu kallon tseren mota a waya sukan yi musu kan wannan. A Amurka akwai gasa biyu da Mazda MX-5 kaɗai ke shiga, ƙaramar motar nan mai kujera biyu da buɗaɗɗen rufi.

Ta farko ita ce MX-5 Cup, wadda sabon tsarinta ya fara a 2016. Ana ƙera motar a Hiroshima ta Japan, a kai ta Amurka, kamfani ɗaya da Mazda ta amince da shi ya kwance ta, ya walda ƙarafan kariya a ciki. Injin lita 2.0 ne, an buga masa hatimi. Ka buɗe, an kore ka. Saboda haka in an wuce ka a kwana, hannun direba ne, ba aljihunsa ba. Illarta tsada, dala dubbai masu yawa, kuma ba a hawa titi da ita.

Ta biyu ita ce Spec Miata (Miata shi ne sunan MX-5 a Amurka). Motarta kuwa tsohuwa ce, ƙirar 1990 zuwa 2005, kai da bakanikenka za ku haɗa. Araha ce da farko. Daga baya sai mai kuɗi ya kai injinsa wajen gwani, ya zo ya bar ka a baya.

A Legas fa? Ta kamfani sai ta biyo tashar jiragen ruwa ta Apapa, ga kuɗin kwastan, ga jiran kayan gyara daga waje. Ni dai tsohuwar zan ɗauka, ko da sai na sha yawo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo kafin in samu kayanta.