Tallafin karatu na gidauniyar 'yan kasuwar unguwarmu: yadda na same shi

Gidauniyar da wasu 'yan kasuwa suka kafa a nan Tudun Wada ce ke biya wa 'yar marigayi yayana kuɗin makaranta. Tunda mata na yawan tambayata a shagon ɗinkina, bari in faɗi abin da na gani.

Ba a sayen fom. Takardar haihuwa, sakamakon zangon ƙarshe da sa hannun mai unguwa, shi ke nan. Daga nan su tako har gida. Hajiyar da ta zo mana kan tabarma ta zauna, ta miƙa wa yarinyar littafi ta ce, "'Yata, karanta mini nan." Ba ta tambayi wa ya turo mu ba. Kuɗin kuma ba ya biyowa ta hannunmu, makaranta suke tura wa farkon kowane zango, mu a kawo mana rasit. Wannan ya kwanta mini, don kuɗi in ya shigo gidan da babu masara, ba zai kai makaranta ba.

A makarantar gwamnati yarinyar ta fara, kuma ban raina ta ba, kyauta ce. Sai dai ajin ya cika maƙil, wasu a ƙasa suke zama. Duk ɗan Kaduna na tuna 2017, da gwamnatin El-Rufai ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su. Yanzu a makarantar kuɗi, littafinta da jan biro yake dawowa kowane shafi, malama ta duba ta gyara. Har ta fara rubuta mini awon masu kawo ɗinki.

Ƙorafina ɗaya, kuma babba ne: kuɗin makaranta kaɗai suke biya. Yunifom ni na ɗinka, amma littattafai, kuɗin PTA da na jarrabawa duk a kanmu. Ga kuɗin Keke, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama abin da ya zama. Na san wata baiwar Allah daga Rigasa da ta cire ɗanta, alhali an biya masa zangon, saboda kuɗin zuwa da dawowa ya gagare ta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

In an ɗauki ɗanki, ki roƙi makarantar da zai iya zuwa da ƙafa, ki kuma karɓi jerin littattafan tun kafin ki sa hannu.