Regiletar nutso ta farko: abin da mazaunin Kano zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa

Ƙanena ya dawo daga Jidda da takardar koyon nutso ta ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, wadda ta ba shi damar sauka har mita 18. Tun ranar kullum zancensa ɗaya: "Yaya, wace regileta zan saya?" Na ce masa kafin ya dubi sunan kamfani, ya fara tuna irin ruwan da zai shiga da kuma garin da zai ajiye ta.

Aikinta kamar na regiletar tukunyar gas ɗin girki ne, sai dai wannan ranka ne a hannunta. Iskar da ke cikin tukunyar mai nutso tana da matsi kusan bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Kan regiletar, wanda ake ɗaurawa a tukunya, shi ke sauko da matsin zuwa wajen bar 10, sannan ta baki, wato ɓangaren da kake sawa a baki, ta ba ka iska daidai da zurfin da kake. A 1943 Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka haɗa ta a Faransa, kuma daga regiletar motoci masu amfani da gas lokacin ƙarancin fetur na yaƙi dabarar ta samo asali.

Kan iri biyu ne: mai fistin da mai faifan roba. Mai fistin kayan cikinsa kaɗan ne, ga juriya, shi ya sa masu ba da haya ke son Scubapro MK2. Amma yawancinsu ruwa na shiga cikinsu ya taɓa fistin ɗin. A Bahar Maliya, inda ruwa ke garau, wannan ba abin damuwa ba ne idan ana wankewa. To amma mu ina za mu je? Dam ɗin Tiga ne ko na Challawa. Duk wanda ya nutsa a Tiga da damina ya sani, kana miƙa hannu ba ka ganin yatsunka saboda laka. Wannan lakar da yashin su ne ke cin zoben roba. Shi ya sa na fi yarda da mai faifan roba wanda aka rufe ruf, irin Scubapro MK17 ko Apeks XTX50. Saboda ruwan ƙanƙara ake tallarsu a Turai, don kada su daskare a ruwan da ya gaza digiri 10. Mu sanyi bai dame mu ba, rufin ne muke so.

Akwai kuma zancen daidaito. Mai fistin marar daidaito, idan iskar tukunya ta yi ƙasa, sai ka ji numfashi na yi maka nauyi. Mai daidaito ba ruwanta, daga farko har ƙarshe haka take. In aljihu ya yarda, ita za ka ɗauka.

Wajen ɗaurawa, akwai mai maƙalawa da ake kira yok, akwai DIN mai zare da ake murɗawa cikin bakin tukunya. Yok iyakarta bar 232, DIN kan kai 300, kuma zoben robarta a ciki yake ɓoye, ba ya saurin fallewa. Na zaɓi DIN na haɗa da ɗan adaftan yok, duk tukunyar da aka miƙo mini a jirgin ruwa tana shiga.

Kada farashin kan da ta baki kaɗai ya ruɗe ka. Sai ka ƙara ta baki ta biyu mai rawayan tiyo, wadda abokin nutsonka zai kama idan iskarsa ta ƙare, da gejin duba iska, da tiyon rigar da ake hura wa iska don yin sama.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sabis. Yawancin kamfanoni na so a buɗe ta duk shekara ɗaya ko biyu a sauya robobi. Waɗannan kayan ba a Ƙofar Ruwa ake samunsu ba, kuma ba aikin mai gyaran janareta ba ne, komai gwanintarsa. Kafin ka biya, ka tambayi wurin da kake zuwa nutso, Legas ne ko Jidda ko Masar, wane kamfani suke gyarawa. Shi za ka saya, ko da wani ya fi shi kyau a hoto.

Ni da gwanjo na fara, daga hannun wani a intanet, ya rantse mini sau uku kawai aka shiga ruwa da ita. A mita shida ta fara zubar da iska ba tsayawa, kumfa ta rufe mini fuska, sai da na kama ta abokina muka hau. Da aka buɗe, tiyon ya tsattsage ta ciki, matatar ta yi kore shar. Kuɗin gyara ya kusa na sabuwa. Gwanjo ba laifi ba ce, amma kada ta taɓa ruwa sai ta je sabis.

Ajiya ma a Kano sai da kula. Ƙurar hunturu har cikin akwati take shiga, don haka murfin bakin kan ya bushe, ya zauna daram. In kana jiƙa ta ba a jikin tukunya ba, kada ka danna maɓallin ta baki, ruwa zai bi tiyo ya shige. Kuma kada ta kwana a but ɗin mota da zafin bazara.

Ƙanen nawa dai MK17 mai DIN ya ɗauka, domin shagon da ya koya a Jidda suna gyara ta, kuma duk shekara yana zuwa Umra.