Plex, Emby ko Jellyfin: wanne ya cancanci riƙe taskar bidiyon gida?

Wanda ya tara finafinai, bidiyon biki da suna, karatun malamai da waƙoƙi a faifan ajiya ya san wahalar da ke biyo baya: a zare filas daga kwamfuta a soka a talabijin, talabijin ta ƙi buɗe fayil ɗin, ko ta buɗe hoto babu sauti, yara kuma kowa na son a tura masa nasa a waya. Manhajar uwar garke ta gida an yi ta ne don raba mutum da wannan zirga-zirga. Ana ɗora ta a kan kwamfuta ɗaya da ke riƙe da fayilolin, ita kuma ta jera su da hotunansu da bayanansu, ta yadda kowace waya da talabijin da ke kan rautar gidan za ta shiga ta kalla. Sunaye uku ne suka mamaye wannan fage, wato Plex da Emby waɗanda ake biyan kuɗi kafin a sami cikakken amfaninsu, da Jellyfin wadda kyauta ce daga farko har ƙarshe.

Asalinsu yana bayyana halinsu. Plex ta samo tushe ne daga XBMC, manhajar da yanzu ake kira Kodi, ta ɗauki sunanta na yanzu a 2008, daga baya ta zama kamfani mai neman riba. Emby kuwa ta daɗe tana barin kowa ya ga yadda aka rubuta ta, sai a Disambar 2018 masu ita suka rufe ƙofar, abin da ya sa wasu 'yan sa-kai suka ɗauki sigar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da gina ta da sunan Jellyfin. Shi ya sa wanda ya saba da Emby ba ya baƙunta a Jellyfin.

Maganar farashi ita ce ta tayar da ƙura a 2025. Daga ranar 29 ga Afrilun shekarar, Plex Pass, wato tsarin biyan kuɗi na Plex, ya koma dala 6.99 a wata, 69.99 a shekara, sannan na biya sau ɗaya har abada ya tashi daga 119.99 zuwa 249.99. A lokaci guda kamfanin ya daina barin a kalli bidiyon gida daga nesa kyauta. Sai dai mai uwar garken ya mallaki Plex Pass, ko kuma mai kallon ya sayi wani ƙaramin izini da aka fito da shi a kan dala 1.99 a wata. Emby Premiere, wato tsarin biyan kuɗi na Emby, ya daɗe a kan dala 4.99 a wata, 54 a shekara, 119 har abada. Farashi abu ne mai motsi, saboda haka a duba shafin kamfanin ranar da za a biya, kuma a tuna cewa da dala ake biya, ga canji ga abin da banki zai ɗora a kai.

To, me ake saya da wannan kuɗi? Mafi girman abin shi ne sauya tsarin bidiyo nan take ta hanyar amfani da sashen hoto na kwamfuta, kuma nan ne masu saye da yawa suke biya ba tare da sun san ko suna bukata ba. Idan na'urar da ake kallo da ita ta gane tsarin fayil ɗin, uwar garke ba ta yin komai illa miƙa shi yadda yake, aikin da ko tsohuwar kwamfuta za ta yi ba tare da ta yi zafi ba. Matsala tana tasowa ne idan fim ɗin yana tsarin HEVC alhali talabijin H.264 kaɗai ta sani, ko sautinsa na irin wanda ba ta iya karantawa ne, ko fassarar da ke fitowa a ƙasan allo sai an manna ta a jikin hoton, ko kuma layin intanet ya yi wa fim ɗin kaɗan. A nan dole uwar garke ta warware bidiyon ta sake ɗinka shi yayin da ake kallo. Idan aka bar wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wannan aiki ita kaɗai, za a ji fankarta ta ɗauki kuka, hoto ya riƙa tsayawa yana juyi. Idan kuwa aka miƙa shi ga sashen hoto, kamar Quick Sync da ke cikin yawancin na'urorin Intel, ƙaramar kwamfuta ma tana iya ɗaukar masu kallo fiye da ɗaya cikin natsuwa. Plex da Emby sun kulle wannan dama a bayan biyan kuɗi, haka ma sauke fim a waya don kallo a hanya. Jellyfin ta bayar da su kyauta, sai dai mutum ne zai shiga saiti da kansa ya zaɓi irin na'urarsa ya gwada har ta zauna.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi farashi muhimmanci ga mai zaune a Kano ko Maraɗi, shi ne yadda kowacce take yi idan intanet ta yanke. Plex tana bukatar asusu a wurin kamfanin, kuma can ake tantance mai shiga, ko da fim ɗin yana ɗakin da ke kusa. Akwai saitin da ake rubuta adireshin na'urorin gida don su shiga ba tare da tantancewa ba, amma sai an yi shi tun intanet na nan, kuma sauyawa daga asusun wannan ɗan gida zuwa na wancan yana iya gagara. Jellyfin ba ta da wata hedikwata da take neman izini daga gare ta: sunayen masu shiga da kalmominsu na sirri duk suna cikin kwamfutar gidan, saboda haka ranar da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, muddin rauta na kunne kallo bai tsaya ba. Emby a wannan fanni ta fi kusa da Jellyfin, domin asusun kamfani ba dole ba ne wajen shiga.

Kallo daga nesa shi ne inda Plex take cin kuɗinta da halal. Ɗan'uwa da ke Abuja ko Kumasi zai sauke manhajar, ya karɓi gayyata, ya ga taskar, shi ke nan. Da Jellyfin kuwa mai gidan ne zai gina hanyar da kansa, ko dai ya buɗe ƙofa a rauta ya tsare ta yadda ya kamata, ko ya haɗa na'urorin ta wata manhaja irin Tailscale. Sai dai akwai tarko da ya shafi duka ukun. Layukan waya da rautocin da ake saka musu sim, har da Starlink a tsarinta na gida, yawanci suna haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya, don haka ba a iya buɗe ƙofa daga waje. A irin wannan hali Plex tana bi da bidiyon ta tashar kamfanin, wadda take taƙaita gudu zuwa megabit 2 a daƙiƙa ko ga wanda ya biya, hoton kuma sai ya ragu. Ga kuma lissafin data: fim na awa biyu a megabit 8 yana cin kimanin gigabait 7, a megabit 2 kuwa kusan gigabait 1.8, kuma ɓangaren gida da na mai kallo kowanne zai biya nasa. Wanda ba shi da layi marar iyaka ya yi wannan lissafi kafin ya yi wa dangi alkawari.

Game da talabijin, Plex tana nan a kusan kowane kantin manhaja, na Samsung da LG da Roku da na'urorin wasa. Jellyfin tana aiki lafiya a Android da Android TV da Fire TV da LG, amma masu Samsung sun daɗe suna shan wahalar ɗora ta da hannu, saboda haka a buɗe kantin talabijin ɗin gida a nemi sunan kafin a yanke shawara. Ƙaramin akwatin Android TV yakan kashe wannan magana gaba ɗaya.

Akwai wani abu da tallan kamfanonin ba zai faɗa ba. Dukansu suna ɗauko hoton bango da bayanin fim ne daga manyan rumbunan intanet irin su TMDB, inda finafinan Amurka da Indiya suke a cike, amma na Kannywood da yawa ba su shiga ba, balle tafsirin azumi ko bidiyon walima. Manhajar takan laƙa wa fim ɗin Hausa hoton wani fim na waje mai kama da sunansa, abin dariya a rana ta farko, abin haushi a ta goma. Maganinsa a ware irin waɗannan a taska ta daban da aka zaɓa mata nau'in bidiyon gida, sauran kuma a rubuta sunan fim da shekararsa daidai a jikin fayil. Biyan kuɗi ba ya sauke wannan aiki.

Ta fuskar sirri, Plex ta nemi masu amfani da ita su sauya kalmar sirri a 2022 da kuma 2025 bayan an yi wa rumbunta kutse, kuma shafinta na farko yana cakuɗa taskar mutum da finafinan kyauta masu talla sai an kashe su, abin da mai yara zai so ya lura da shi. Jellyfin ba ta da wannan, amma tsaronta da sabunta ta duk a wuyan mai gida suke, idan ta lalace kuma babu ofishin da za a kai ƙara.

A farashin 2025, dala 249.99 ta Plex Pass na har abada ta haura kuɗin shekara uku da rabi na biyan shekara-shekara, kuma ga gidan da kallonsa bai wuce cikin katanga ba, na fi ganin hikimar a zuba kuɗin a kan kayan aiki: ƙaramar kwamfuta mai Intel N100 wadda inbata ba za ta ji nauyinta ba, ko tsohuwar laftof mai batir da zai riƙe ta idan aka ɗauke wuta, da faifai na biyu don kwafin bidiyon iyali, tunda yankewar wuta ba zato tana cikin abubuwan da ke lalata fayiloli. Irin wannan gida Jellyfin ta ishe shi. Plex Pass ya dace da wanda masu kallonsa suka warwatsu a garuruwa, ba su da juriyar saiti, kuma layinsa na da ƙarfin turawa. Emby tana tsakiya, ga mai son kamfani ya tsaya masa a baya da kuɗi mai sauƙi ba tare da an tilasta masa asusun waje ba.

Da yake dukansu suna iya karanta babban fayil guda a kwamfuta ɗaya, ana iya ɗora Plex ta kyauta gefe da gefe da Jellyfin, Plex tana ƙofa ta 32400, Jellyfin tana 8096. A kunna fim mafi nauyi da ake da shi a talabijin mafi tsufa a gidan, a zare intanet daga rauta a sake gwadawa, sannan idan har ana ganin sai an biya, a fara da na wata ɗaya.