Walat ɗin fata da na saya wajen baduku a Bauchi

Masu tambayata inda na samo walat ɗin nan sun yi yawa, musamman in na fito da shi a gidan mai, to bari in faɗi abin da na gani game da shi, daɗinsa da haushinsa. A cikin garin Bauchi na saye shi, wajen wani dattijon baduku mai ɗinka kuben wuƙa da kayan doki. Kun san yadda ake sayar da na 'yan baro a Wunti. Wannan ya fi su tsada nesa ba kusa ba, har sai da na yi jim kafin in biya. Amma na gaji da na roba. In ka saya yana ta sheƙi, bayan 'yan watanni ya fara ɓarewa ta wajen lanƙwasa, ka sa hannu a aljihu ka fito da ɓarɓashin baƙar leda a farce.

Fatar akuya ce, jimar bagaruwa, an rina ta ja da karan dafi. Ranar da na karɓe shi da ƙyar yake rufuwa don tauri, ga warin jima wanda uwargida ta ce kada ya kwana mata a ɗaki. Katin ATM ma sai na tura da ƙarfi. Warin ya tafi da kansa, fatar ta saki, jan nan mai haske ya riƙa duhu sannu a hankali har ya koma kalar dabino. Inda babban yatsana ke dannawa in zan buɗe ya fi ko'ina duhu da santsi, kuma shatin katin zaɓe ya fito a bayansa, kusurwa huɗu cif. Ban taɓa shafa masa komai ba a lokacin, gumin hannu da rana ne kawai suka yi aikin. Fatar kamfani, irin wadda ake jemewa da sinadari a Challawa da Sharaɗa can Kano sannan a rufe fuskarta da fenti, ba ta yin wannan, yadda ka saye ta haka za ta zauna har fentin ya tsage.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne ruwan da ya dake mu a watan Agusta. Ɗaurin auren ɗan abokina muka je Dass, a mashin, ni da ƙanena. A dawowa hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, kafin mu sami inda za mu raɓe ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya ƙarƙashin wata rumfar mai shayi da ke yoyo ta ko'ina, daga baya muka ga tsayuwar ba ta da amfani muka ci gaba a cikinsa. Walat ɗin yana aljihun gaba na farar shaddata. Da muka iso gida na ciro shi, ya sha ruwa ya yi nauyi, ya yi baƙi ƙirin, ruwa na ɗiga ta gefen ɗinkin. 'Yan dubu-dubu da ɗari biyar-biyar duk sun manne da juna, 'yan hamsin na leda ne kawai ba abin da ya same su. Wallahi raina ya ɓaci, don na ɗauka shi ke nan, in ya bushe zai ƙandare ya tsattsage.

Uwargida ta ce a ɗora shi kusa da murhu. Na tuna dattijon ya ja mini kunne tun ranar ciniki, ya ce, "Alhaji, in ruwa ya taɓa shi kada ka kai shi rana, kada ka kai shi wuta. Inuwa da iska kawai." Sai na kwashe komai, na cusa tsumma a ciki don kada ya lanƙwashe, na ajiye shi a buɗe kan taga. Da ya bushe ya ɗan yi tauri, fuskarsa ta yi fari-fari. Na lakato man kaɗanya kaɗan a yatsa, na murza har ya narke, na bi shi lungu-lungu, na bar shi ya kwana. Da safe na goge da tsohuwar riga. Jama'a, sai ga shi ya fi yadda yake da kyau. Ya ƙara duhu, ya yi laushi, kuma ko zare ɗaya bai saki ba. Na bi ɗinkin da farce tun daga wannan kusurwa har waccan ina neman inda ya buɗe, ban samu ba. Ɗinkin hannu ne, an huda da basilla an ja zaren an ɗaure, ba manne shi aka yi da gam ba, shi ya sa ruwa bai sami abin da zai narkar ba. A ranar na yarda cewa ba banza ba fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna, har fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye suna kiranta fatar Maroko.

To amma shaddata fa? Nan ne zancen ya canza. Jan nan ya zuba. Daidai aljihun, tabo ya fito ƙato kamar tafin hannu, ja mai ratsin ruwan ƙasa, ya ratsa har singileti. Mai wanki ya yi iya yinsa, ya jiƙa, ya cuɗa, ya sa bula, tabon ya dusashe amma bai fita ba. Shadda ce da na ɗinka don Babbar Sallah, kun kuwa san abin da yadin shadda mai kyau yake ci yanzu, balle kuɗin aikin wuya. Kuɗin walat ɗin gaba ɗaya bai kai na ɗinkin kaɗai ba. Har yau in na buɗe akwati na gan ta sai abin ya dawo mini sabo.

Na koma wajen dattijon da rigar a leda. Na ce, "Baba, ka gargaɗe ni a kan rana da wuta, amma ba ka ce mini jan yana zuba ba." Ya karɓa ya duba, ya jinjina kai, ya ce karan dafi haka yake in ya sha ruwa da yawa, ya ba ni haƙuri. Haƙurin na karɓa, don dattijo ne kuma bai yi musu ba. Sai dai a ganina wannan magana ce da ya kamata a faɗa wa mai saye tun kafin ya miƙa kuɗi, a garin da kowa ke sa fararen kaya ranar Juma'a. Da ya faɗa, da wanda ba a rina ba zan ɗauka, mai kalar fatar kanta, tunda shi ma yana yin duhun nan mai kyau.

Tunda an zo kan ƙorafi, akwai zif. Ya sa wa aljihun ciki wani ɗan zif na kasuwa mara ƙwari, tun kafin ruwan yake cijewa, bayan ruwan kuwa kan ya yi tsatsa ya karye. Fatar da za ta yi shekaru ana mora, me ya haɗa ta da zif ɗin jakar 'yan makaranta? Ya cire mini shi ya sa maɓalli na fata bai karɓi ko sisi ba, kuma ya fi. Ramukan kati ma uku ne kacal. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka koma kati da tiransifa, na riƙa cusa biyu-biyu a rami ɗaya, fatar ta buɗe, kuma fata in ta buɗe ba ta komawa. Yanzu in kati ɗaya ne a ciki sai na kula kada ya zame.

Duk da haka yana aljihuna, kuma ban ga abin da zai raba ni da shi ba. In hunturu ya shigo ina ɗan shafa masa man kaɗanya don kada ya bushe. Ƙanena da muka sha ruwan tare ya je ya ba da aikin nasa, na ce ya faɗa wa Baba kada a rina, kada a sa zif, a ƙara ramukan kati biyu. Ni kuwa in zan sa fararen kaya da damina, a aljihun wando nake sa shi, cikin 'yar leda.